Zanzibar da iyali: ina baƙo zai ci abinci hankalinsa kwance?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. In Allah ya yarda bayan ƙaramar Salla za mu je Zanzibar, ni da maigida da yara da Hajiyarsa. An riga an kama masauki, da farko a cikin tsohon gari, wato Stone Town, daga baya mu koma Nungwi bakin ruwa. Abin da ya tsaya mini a rai abinci ne. Hajiya tana da ciwon suga, ba ta cin abin da ba ta san kansa ba, kuma ba za ta zauna inda ake shan giya ba. Yaran kuwa in ba shinkafa da kaza ba sai an yi daru. Duk hotunan da nake gani a Instagram na ƙaguwa ne da jatan lande da wasu halittun ruwa da ban san sunansu ba. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka ya faɗa mini gidajen abincin da ya ci da bakinsa ya ji daɗi.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, garin Musulmi za ki je. Ni harkar kasuwanci ce take kai ni Darussalam, in na sami sarari sai in hau jirgin ruwa in tsallaka, tafiyar wajen awa biyu ce. Wuri na farko da zan ce ki kai Hajiya shi ne Lukmaan, a unguwar Mkunazini, kusa da babban cocin nan da aka gina inda tsohuwar kasuwar bayi take. Akwai wata ƙatuwar kuka a wurin, ba za ki ɓata ba, kowane yaro kika tambaya zai nuna miki. Ba a sayar da giya. Abincin yana jere a bayan gilashi, da yatsa za ki nuna abin da kike so a zuba miki, don haka Hajiya za ta ga komai da idonta kafin ya shiga farantinta. Akwai biriyani, akwai pilau, akwai farar shinkafa da wadda aka dafa da madarar kwakwa, wake, ganye, gasasshen kifi, kaza, capati. Ku je da rana tsakanin azahar da ƙarfe biyu, lokacin tukwanen suna da zafi kuma ba a kwashe na kirkin ba.

Amaryar Bana: Haba Baban Khalifa, mutum ya biya kuɗin jirgi har Zanzibar ya je ya ci shinkafa da wake? Anti Maman Ilham, ki je The Rock. Gidan abinci ne da aka ɗora a kan dutse a cikin teku, can Michamvi ta gefen gabas. In ruwa ya janye da ƙafa za ki taka ki hau, in ya cika sai a ɗauke ki a kwale-kwale. Wallahi ban taɓa ganin wuri mai kyau irinsa ba. Sai dai ki kama teburi tun kafin ki je, don ba shi da girma. Da daddare kuma Forodhani, wannan kam dole ne.

Baban Khalifa: Ƙanwata, kin karanta tambayar kuwa? Tsohuwa mai ciwon suga, wadda ba ta son ganin kwalba. The Rock ana sayar da giya, daga cikin gari zuwa can ya fi awa guda a mota, daga Nungwi ya fi haka nisa, sannan ga matakala da shiga kwale-kwale. Wurin yana da kyau, ban musa ba, amma wurin ango da amarya ne.

Amaryar Bana: To ai ba Hajiya kaɗai za ta je ba. Ita Antin ba ta da haƙƙin ta ga wuri mai kyau? A bar Hajiya ta huta a masauki da yaran rana guda, ita da maigidan su je. Ni dai ban ga laifin hakan ba.

Ɗan Damagaram: Sallama gare ku duka. Na zauna a Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ina koyon Sawahili a jami'ar jihar, SUZA, don haka bari in sa baki, musamman kan Forodhani, don nan ne baƙo ya fi samun daɗi kuma nan ne ya fi yin kuskure.

Lambu ne a bakin ruwa, gaban tsohuwar ganuwa da kuma babban gidan nan Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda wani ɓangarensa ya rufta a Disamba 2020. Gidauniyar Aga Khan ce ta gyara lambun aka sake buɗe shi a 2009. Da la'asar sakaliya za ku ga samari suna shan gudu suna faɗawa cikin ruwa daga kan katanga, yaranki za su so wannan. Ana kiran magariba sai masu abinci su kafa tebura, su kunna fitilu, su hura gawayi.

Tebura iri biyu ne. Akwai masu tsibin tsinken kifi da jatan lande da ƙaguwa an jera su gwanin sha'awa, da masu fararen riguna suna tare ki suna miƙo miki faranti. Yawancin abin da ke kan waɗannan teburan an riga an dafa shi tun ɗazu, ɗumamawa kawai ake yi in kin zaɓa, kuma ba ki da hanyar sanin tun yaushe yake ajiye. Mutanen gari ba su cika tsayawa a nan ba. Ki duba inda matan Unguja masu baƙaƙen abaya suke layi da 'ya'yansu, za ki ga wajen mai urojo ne da mai fizar Zanzibar da mai matse rake. Nan za ki tsaya.

Fizar nan ba ta da alaƙa da ta Italiya. A gabanki zai ɗauko ɗan curin kwaɓin fulawa ya miƙe shi da tafin hannu har ya yi shara-shara, ya ɗora wani ƙarami a tsakiya don kada ya huje, ya zuba niƙaƙƙen nama da albasa da tattasai, ya fasa ƙwai a kai, ya sa ɗan cuku da mayonis, ya cakuɗa da cokali, ya naɗe gefunan ya ɗora a kasko da mai. In ta soyu ya yayyanka ta ƙanana ya ba ki da tsinken sakace. Tun daga kwaɓi har farantinki idonki yana kai. Akwai ta ayaba da cakulan, ita yara suka fi so.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai Ɗan Damagaram. Shi urojon mene ne? Hajiya za ta iya sha?

Anti Bilki Mai Girki: Bari in amsa wannan, don saboda shi na kusa ƙin dawowa Kaduna. Romo ne mai ɗan kauri, launinsa rawaya saboda kurkur, ana ɗaure shi da 'yar fulawa, tsaminsa kuma daga ɗanyen mangwaro ne da lemun tsami. Mai sayarwa zai ɗauko kwano ya yanka dafaffen dankalin turawa, ya ɓantara bajiya, wato ɗan ƙosansu, ya sa kacori, wanda dakakken dankali ne da yaji aka mulmula aka soya, ya ƙara dafaffen ƙwai in kina so, ya zare naman tsire daga tsinke ya zuba, sannan ya kwarara romon a kai. A ƙarshe ya barbaɗa soyayyen rogo da aka yanka siri-siri, ya ɗiga miyar kwakwa da ta barkono. Cokali ɗaya za ki ji tsami, ki ji yaji, ki ji laushin dankali da ƙaras-ƙaras ɗin rogo. Da zafinsa ake sha, a tsaye ma yawanci.

Amma ga mai suga, ki lura, dankali ne da fulawa da rogo a kwano guda. Ta ɗanɗana kaɗan, ki ce a yawaita mata ƙwai da nama a rage dankali. Ruwan raken nan da ake matsewa da citta da lemun tsami kuma ki nisanta ta da shi, duk da na san ƙamshinsa zai ja ta.

Abin da na san Hajiya za ta karɓa hannu biyu shi ne vitumbua. Wainar shinkafa ce tsaf irin tamu, a tanda mai gurabe ake toya ta, bambancin kawai su da madarar kwakwa suke kwaɓawa kuma suna sa ɗan kayan ƙamshi da sukari. Da sassafe mata suke sayarwa a bakin lunguna. Ɗaya ko biyu da shayi marar sukari ya ishe ta.

Nas ɗin Jos: Ina goyon bayan Ɗan Damagaram ɗari bisa ɗari. Kifi da danginsa in suka kwana a waje a gari mai zafi da gumi irin wannan, ɗumame ba ya gyara su. Mu a tafiyarmu, a wani ɗan gidan abinci a bakin ruwa can arewacin tsibirin, ƙanwata ta ci jatan lande da aka kawo shi da ɗumi-ɗumi, ba zafi ba. Daren nan ba mu runtsa ba, amai da gudawa, sai da aka sa mata ruwa. Ga tsoho mai suga irin wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, don in ruwan jiki ya ƙare sugan ma rikicewa yake. Maman Ilham, ki sa gishirin haɗa ruwan nan na ORS a jakarki, ki sayi ruwan gora, kuma in za a ba ku lemo a bakin titi ki ce "bila barafu", wato ban da ƙanƙara. Maganin Hajiya ya zauna a jakar hannu, kada ya shiga akwati.

Sannan duk wanda ya kawo muku naman kunkurun teku, ko kyauta ne, kada ku taɓa. A Maris 2024 a tsibirin Pemba yara takwas da mace guda sun rasu bayan sun ci shi, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Gidajen abinci ba sa sayarwa, a ƙauyukan masunta ake samu, amma gara a sani.

Amaryar Bana: Subhanallah, Allah ya jiƙansu. Amma gaskiya kuna tsorata ta da yawa. Mu mun ci ƙaguwa da pweza a Forodhani ba abin da ya same mu.

Ɗan Damagaram: Allah ya kiyaye ku ne, kuma mutane da yawa suna ci lafiya. Ba cewa na yi kada a ci kayan ruwa a Zanzibar ba, ai wanda ya je bai ci ba ya yi asara. Cewa na yi a ci inda aka san da safen nan aka kamo shi. Pweza, ga wanda bai sani ba, wata halitta ce mai hannuwa takwas, mata ne ma suka fi farautarta a cikin duwatsu in ruwa ya janye. Sai an bubbuga ta ta yi laushi kafin a dafa. In aka yi miyarta da madarar kwakwa da kurkur aka zuba a kan shinkafa, ba ta da ƙarni ko kaɗan. A Lukmaan ana yi, a can za ki gwada.

Alhajin Zangon Kumasi: Ni fa tambayata daban ce. Wannan abu mai hannu takwas da ƙaguwa da sauransu, sun halatta kuwa? Na yi tafiya da wani abokina ɗan Pakistan, ko taɓawa ba ya yi, ya ce in ba kifi ba ne haramun ne. Malam yana nan? Allah ya gafarta Malam, a warware mana.

Malamin Islamiyya: Ina nan Alhaji, ranka ya daɗe. Abokinka bai yi ƙarya ba, mazhabarsa ya faɗa maka. Hanafawa, waɗanda su ne mafi yawa a Pakistan da Indiya da Turkiyya, kifi kaɗai suka halatta daga cikin abin da ke ruwa. Mu kuwa a mazhabar Imamu Malik duk abin da yake rayuwa a teku halal ne, ba ya bukatar yanka. Hujjar ita ce aya ta 96 a Suratul Ma'ida wadda ta halatta farautar teku da abincinsa, da hadisin da aka tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da ruwan teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Yana cikin Muwaɗɗa. Mutanen Zanzibar yawancinsu Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa saboda tsohuwar alaƙarsu da Oman, kuma suna cin waɗannan abubuwa. In ranka bai kwanta da shi ba ka bar shi, ƙyama daban, haramci daban. Abin da zai cutar da jiki kuma, irin kunkurun da 'yar uwarmu ta ambata, cutarwar ce ta hana shi.

Maganar giya ita ce ta fi bukatar lura. Abin da hadisi ya hana a fili shi ne zama a teburin da ake shan giya a kansa. Shiga wurin da ake sayarwa alhali teburinka babu, malamai sun yi magana a kai, kuma in akwai wani wurin da babu ita gaba ɗaya, shi ya fi. Hajiya ta zaɓi abin da ya fi tsentseni, a taimaka mata a kai, kada a matsa mata. Sannan ku kula da abin da ido ba ya gani. Otal-otal da yawa a bakin ruwa Turawa ne suke da su, musamman 'yan Italiya, kuma a girkinsu akan zuba giya a miyar kifi ko ta taliya, akan kuma ajiye naman alade a teburin karin kumallo. Masu hidimar, in kun tambaye su da mutunci, za su faɗa muku gaskiya.

Alhajin Zangon Kumasi: Allah ya ƙara ilimi Malam. Na gamsu. Amma ni dai ƙaguwa ta sha zamanta.

Baban Khalifa: Tunda Malam ya kawo maganar bakin ruwa, bari in faɗi abin da nake gani game da Nungwi, don can ne matsalarki za ta fi yawa, ba cikin gari ba. Daga gari zuwa can wajen kilomita 60 ne. Gidajen abincin da suke kan yashi kusan dukansu don Turawa aka yi su: taliya, fiza, kiɗa, kwalabe, kuma kuɗin faranti ɗaya zai ciyar da ku duka a cikin ƙauye. Ki juya wa teku baya ki taka 'yan mintoci zuwa cikin garin Nungwi kansa. Akwai matan da ake kira mama lishe, masu dafa abinci a rumfa, shinkafa da wake da kifi da ganye. Akwai masu chipsi mayai, soyayyen dankali ne ake fasa ƙwai a kai a soya su tare ya zama fai-fai guda, yaranki za su manta da kaza. Akwai masu gasa tsire da yamma, mishkaki suke ce masa.

Abin da ni nake yi, ina zuwa kasuwar kifi lokacin da jiragen masunta suka dawo, a nan ake gwanjon kifin a fili. In sayi guda babba, in duba idonsa yana sheƙi, cikin kunnensa ja ne, in na danna tsokar ta dawo. Sai in kai wa mai girki a masauki ko wata mama lishe mu yi cinikin ladan gashi. Kifin da kika ga an sauke shi daga jirgi da idonki ba ya bukatar kowa ya rantse miki.

Maman Ilham: Wannan dabara ta yi mini. Amma yare fa? Ba na jin Sawahili, Turancin Hajiya kuma babu.

Ɗan Damagaram: A cikin gari da wuraren baƙi Turanci yana aiki. A wajen mama lishe sallama da nuni da yatsa sun isa, kuma in kika yi musu sallama irin ta Musulunci nan take fuska take sakewa. Riƙe waɗannan: "bei gani" nawa ne, "bila sukari" ban da sukari, "pilipili" barkono, "asante" na gode. Ki tambayi kuɗi kafin a zuba, musamman a Forodhani, kuma ki tabbatar kuɗin tsinke ɗaya aka faɗa miki ko na faranti. Ki riƙe shilin ɗinsu a hannu, takarda mafi girma ta 10,000 ce, ƙananan masu abinci ba sa karɓar kati kuma ba su cika samun canji ba.

Wani abu da yake rikita baƙi shi ne agogo. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, don haka in mutum ya ce miki "saa moja", ƙarfe ɗaya a bakinsa, ƙarfe bakwai yake nufi. In za ki kama teburi ko ki yi alkawari da direba ki nuna masa a wayarki. Kuma suna gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, a gyara wa Hajiya lokacin shan magani.

Anti Bilki Mai Girki: Ku bar ni in koma kan girkin, don ina ganin kamar ana ta maganar tsoro an manta da abin da ya sa abincin garin nan ya fita daban. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa Zanzibar a ƙarni na 19, shi ya cika tsibiran da gonakin kanumfari, 'yan kasuwar Indiya suka zo suka zauna, ga mutanen ƙasa da kwakwarsu da rogonsu da kifinsu. Duk wannan yana cikin tukunyar pilau guda. Na tsaya a kan wata mata tana yi. Ba ta daka kayan ƙamshin ba, ɗungurungum ta zuba su a mai: kanumfari, sandar kirfa, baƙin masoro, da 'ya'yan iliki masu ƙamshi, wato cardamom. Ta soya albasa har ta yi duhu sosai, daga nan launin shinkafar yake fitowa, babu tumatir mai yawa babu kori. Da ruwan ya tsotse sai ta rufe tukunyar ta kwaso garwashi ta zuba a kan murfin, wuta sama wuta ƙasa. Shinkafar ta fito warara, kowace ƙwaya da ƙamshinta.

Biriyaninsu kuma shinkafa daban, miyar nama mai kauri daban, sai a haɗa a faranti. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ita ce ranarsa. Ki je Passing Show a unguwar Malindi kusa da tashar jirgin ruwa, tsohon gidan abinci ne na mutanen gari, ba ado ba ƙawa, amma ki je da wuri don biriyani ba ya kai la'asar. In yara suna son gasasshiyar kaza da burodin nan na Indiya, akwai Ma Shaa Allah Cafe nan Mkunazini, ba nisa da Lukmaan.

Gargaɗi ɗaya ga bakin Bahaushe: abincinsu ƙamshi gare shi, ba yaji ba, kuma kwakwa tana sa miya ta yi ɗan zaƙi-zaƙi. Maigidana kwana na farko ya ce abincin ba shi da kai. Ki daka yajinki mai kyau ki zuba a roba ki tafi da shi.

Amaryar Bana: To tunda kun kashe mini The Rock, ga wani, kuma wannan a cikin gari yake. Saman benen Emerson on Hurumzi. Ana cire takalmi a zauna a ƙasa kan kilisai da matasai, a wanke miki hannu da ruwa mai ƙamshi, a kawo abincin Sawahili kashi-kashi, ga masu kiɗan taarab. Kina zaune kina hango rufin gidajen gari da hasumiyoyi da teku, rana tana faɗuwa, kiran sallar magariba yana tashi daga ko'ina. Shi ma sai an kama wuri tun da wuri.

Ɗan Damagaram: Wannan kam na yarda da ke, wurin ya cancanci kuɗinsa in mutum yana da hali. Sai dai ga Hajiya matsala biyu ce, ana ba da giya ga mai so, kuma matakalar tana da tsawo da tsayi, gwiwar tsoho ba za ta so ta ba. Maman Ilham da maigidan su je, kamar yadda kika ce tun farko.

In gahawa ce, maigidan ya je Jaws Corner da safe. Wani ɗan fili ne inda lunguna suka haɗu, dattawa suna zaune a dakali, mai gahawa yana zuba ta baƙa wuluk marar sukari daga buta a 'yan ƙananan kofuna, ana haɗawa da kashata, alawar gyaɗa ko ta kwakwa, ana hirar siyasa da ƙwallo. Majalisar maza ce galibi. Ke da yara kuwa Zanzibar Coffee House ya fi muku, akwai wurin zama sosai.

Nas ɗin Jos: Wani abu da ba a ambata ba, kin ce bayan ƙaramar Salla. Yanzu Sallar tana faɗowa ne a bakin babbar daminarsu, masika, daga Maris zuwa Mayu, kuma Afrilu ya fi ruwa. In ana ruwa da yamma teburan Forodhani raguwa suke, wasu wuraren bakin teku kuma sukan rufe a yi gyara saboda ƙarancin baƙi. Ki kira ki tabbatar a buɗe suke kafin ki ɗauki mota. Gidan sauro da maganin shafawa kuma kada a manta.

Baban Khalifa: Gaskiya ne. Amfaninsa dai ba cunkoso, kuma masauki yana sauƙi. Tunda an fita daga abinci kaɗan, mai fasfon Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma takan ɗauki lokaci. Sannan tun Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatinsu, dala 44 ga babba, ko da yana da wata.

Maman Ilham: Bizar tana hannu alhamdulillah, inshorar ce ban sani ba, Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe, Anti Bilki, in ina son kayan ƙamshin pilau ɗin nan in taho da su gida, a ina zan saya? Na ga ana kai mutane gonaki.

Anti Bilki Mai Girki: Gonakin ku je don yara, wajen Kizimbani da Kidichi, za su ga kirfa ɓawon itace ce ana ɓare ta a gabansu, su ga kanumfari a jikin bishiya tun yana kore. Amma sayayya ki bari sai kasuwar Darajani, tsohuwar kasuwar gari ce tun 1904, nan matan Unguja suke cefane. Kada ki tsaya a rumfunan bakin hanya masu 'yan ƙulle-ƙullen leda da aka jera kamar kwale-kwale don tsaraba, an niƙa su an daɗe, ƙamshin ya tafi. Ki shiga ciki wajen masu buhu ki sayi ɗanyensu a kan sikeli. Kanumfari ki danna shi da farce, in mai ya fito mai kyau ne. Iliki ki zaɓi kore shar wanda bai buɗe baki ba. Kirfa ki karya ki shinshina. Ki yi tayi, amma da fara'a, ba sa son hayaniya a ciniki.

Ki je da safe, kuma ban da Juma'a da rana don rumfuna da yawa suna rufewa a tafi masallaci. Ɓangaren kifi da nama yana da ƙarni da santsi, ki bi da Hajiya ta gefen 'ya'yan itace, akwai ayaba iri-iri har da ja, da dabino a wajen masu tebura. Ga yara kuma ki nemi ubuyu, 'ya'yan kuka ne aka dafa da sukari da ɗan yaji aka rina su ja, ana tsotsa a tofar da ƙwallon. Ki sayi da yawa, ba ya lalacewa a hanya, amma ki ninka leda ki sa shi nesa da fararen kaya don jan yana zuba.